Taura Biyu a Baki Ɗaya: Yadda Ake Cin Abinci da Jifa da Bugu a Babban Kurket

Ɗan ƙanwata ne ya jawo wannan rubutu. A watan Maris na 2024, da aka kawo gasar wasannin Afirka nan Accra, na ja shi muka tafi filin Achimota kallon kurket, don karon farko ke nan da aka sa wasan cikin gasar. Zimbabwe ta kwashe zinare maza da mata, 'yan matan Najeriya suka tafi da tagulla. A hanyar dawowa muna matse a kujerar baya ta torotoro, motar hayarmu ta Gana, gwiwoyinsa sun tokare kujerar gaba saboda tsayi, bai ce uffan ba. Sai da muka sauka a Nima ya ce, "Kawu, ni wannan zan yi. In yi jifa, in yi bugu, a biya ni."

Na ce masa taura biyu ke nan yake son taunawa.

Da maganar ta isa gida, uwarsa ta tare ni a ƙofar shago. "Yaya, yaran unguwa kaf suna bin sawun Kudus ɗan ƙwallon ƙafa, kai kuma ka ɗauko mini wasan da ake wuni ana yi ba a san wanda ya ci ba. Yana kawo cefane?" Tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye, shi ya sa na zauna na rubuta, don shi da duk yaron zango da wannan ƙwallon ta shiga ransa.

Ni tela ne. Mahaifina maigadi ne a wajajen Achimota, a nan na fara tsintar wa 'yan wasa ƙwallo daga cikin ciyawa tun ban kai tsayin turaku ba, sandunan nan uku da mai bugu ke karewa. Na yi shekara kusan 20 ina buga wa ƙungiyoyin gari, ina jifa, ina shiga bugu na bakwai. Ban taɓa buga wasan ajin farko ba ko sau ɗaya, kuma na san dalilan da suka hana ni. Yawancin abin da ke nan daga waɗannan dalilai ya fito.

Fara sanin abin da kake nema

Abin da ake kira kurket ajin farko ba yabo ba ne, matsayi ne mai ƙa'ida. Wasa ne na kwana 3 ko fiye, mutum 11 kowane ɓangare, kowace ƙungiya ta shiga bugu sau biyu, galibi da jar ƙwallo da fararen kaya. Kuma ƙasashen da ke da cikakkiyar kujera a ICC, hukumar kurket ta duniya, su ne ke da ikon ba wasannin cikin gidansu wannan matsayi. Su 12 ne, biyu kacal a Afirka: Afirka ta Kudu da Zimbabwe. Gana ba ta ciki, Najeriya ba ta ciki. An daɗe ana kurket a nan, tun zamanin Gold Coast ake karawa da Legas, amma daɗewa ba ta ba da kujera.

A da akwai wata 'yar ƙofa. Daga 2004 zuwa 2017 ICC ta gudanar da gasar Intercontinental Cup, inda ƙasashe irin su Kenya da Namibiya suka riƙa buga wasannin ajin farko. An rufe ta. Saboda haka ka sa a ranka tun yau cewa wannan sana'a ta ci-rani ce. Ko Ingila, inda ƙungiyoyin gundumomi 18 ke buga County Championship daga Afrilu zuwa Satumba. Ko Zimbabwe, gasar Logan Cup. Ko gasar kwana huɗu ta Afirka ta Kudu. Akwai Ranji Trophy a Indiya da Sheffield Shield a Ostareliya, amma waɗannan 'yan gida sun cika su maƙil, kada ka ɓata wa kanka lokaci da mafarkinsu.

Zaɓi hannun da zai shigar da kai

A nan yara ke faɗuwa, kuma a nan na faɗi. Yaro ya ji an ce olraunda, wato mai jifa da bugu, sai ya raba lokacinsa gida biyu daidai wa daida. Bayan shekara 5 ya zama ɗan komai-da-ruwanka: jifansa ba laifi, bugunsa ba laifi. A kurket na kuɗi, "ba laifi" ba ta sayen tikitin jirgi.

A shagona idan yaro ya zo neman aiki ya ce ya iya yanka ya iya surfani, sai in miƙa masa almakashi da shadda. In yankan bai fita ba, ban damu da surfaninsa ba. In ya fita, to surfanin ne zai sa in riƙe shi ranar da kasuwa ta mutu na sallami sauran. Haka koci yake lissafi. Tambayarsa ita ce: in yaron nan ya ji ciwo a kafaɗa ba zai iya jifa ba, zan sa shi don bugunsa kaɗai? Ko kuwa in bugu ya ƙi masa wata guda, jifansa zai riƙe masa gurbi? Dole ɗaya daga cikin biyun ta zama e.

Duba manyan. Wilfred Rhodes na Yorkshire da jifa ya shiga, yana bugu a can ƙarshen layi. A hankali ya hau har ya zama mai buɗe wa Ingila bugu, shi da Jack Hobbs suka haɗa maki 323 a Melbourne a 1912. Imran Khan da Kapil Dev da Richard Hadlee duk jifa ne jarinsu. Jacques Kallis kuwa bugu ne nasa, maki 13,289 a wasannin Tes, wato dogon wasa tsakanin manyan ƙasashe, sannan ya ɗora wiket 292 a kai kamar gyara, wato masu bugu 292 da ya fitar da jifa. Moeen Ali da bugu aka san shi a Worcestershire kafin jifan murɗe ya zaunar da shi a tawagar Ingila. Garfield Sobers, mutumin Barbados, shi ne wanda Allah ya ba duka, har jifa iri uku yake yi da hannun hagu. Kada ka auna kanka da shi.

Ma'aunin da mutanen wasan ke amfani da shi mai sauƙi ne. Abarejin bugu shi ne makin da ka ci a raba da sau nawa aka fitar da kai. Abarejin jifa shi ne makin da aka ci a kanka a raba da mutanen da ka fitar. Ana son na bugu ya ɗara na jifa. Imran Khan ya gama da 37 da ɗoriya a bugu, ƙasa da 23 a jifa. In naka ya juye, kana cin 18 kana bayar da 40, to bashi kake ci wa ƙungiya duk ranar da aka sa ka.

Ga yaron Gana, ra'ayina shi ne ya shiga da jifa. Bugu yana son fici mai ciyawa, wato zirin tsakiyar fili da ake jifa a kai, da masu jifa na gaske da za su riƙa gwada ka kullum, da kayan da kuɗinsu ya fi ƙarfin aljihunmu: bat, wato sandar bugu ta itacen wilo, hular kwano, safar hannu, kariyar ƙauri. Jifa kuwa ƙwallo ɗaya da fili mai tsawon yadi 22 sun ishe ka farawa. Kuma ƙungiyoyi kullum cikin yunwar mai jifa suke, don su ne ke karyewa.

Horon jifa

Nemo ledar piya wata guda, ka shimfiɗa ta a ƙasa kamar mita 6 zuwa 7 daga turakun mai bugu, a layin turken waje. Ka danne ta da dutse ƙarami. Aikinka shi ne ƙwallo ta sauka a kanta ko gefenta. Jifa 6 ake kira oba. Yi oba 4, ka rubuta sau nawa ka samu cikin 24. Ranar farko ɗan ƙanwata ya samu 3, ya ce iska ce. Babu iska ranar.

Wannan ledar ita ce bambancin wasan kwana huɗu da wasan T20, gajeren nan mai oba 20 kowane ɓangare, da kuke kallo a waya. A gajeren wasa ana canza jifa kowane lokaci don a ruɗa mai bugu. A dogon wasa kuwa naci ne: wuri ɗaya, wuri ɗaya, har ransa ya ƙosa ya kai hannu inda bai kamata ba. Wani lokaci sai ka yi awa guda kana haƙa wa mutum rami, abokinka na ɗaya gefen ya zo ya tura shi ciki, a rubuta wiket da sunansa. Ka koyi haɗiye wannan tun yanzu.

Sai ɗinkin ƙwallo, wanda ni a matsayina na tela nake ganin shi ne rabin wasan. Yatsa biyu a saman ɗinkin, babban yatsa a ƙasa, wuyan hannu a miƙe. Kwanta rigingine a tabarma ka riƙa cilla ta sama kana kallo: in ɗinkin ya tafi a tsaye ba ya rawa, ka kama hanya. Ana goge gefe ɗaya ya yi sheƙi a bar ɗayan ya yi kaushi, shi ke sa ta karkace a iska. Da gumi ake gogewa yanzu, an hana yawu tun zamanin korona kuma dokar ta zauna a littafin dokoki a 2022. A Ingila ƙwallon Dukes ake amfani da ita, ɗinkinta na hannu ne kuma ya fi tudu, tana daɗewa tana karkacewa. A Zimbabwe da Afirka ta Kudu ka fi haɗuwa da Kookaburra, wadda ɗinkinta ke kwanciya da wuri. Sai bayan oba 80 ake ba da sabuwa, don haka dole ka iya aiki da tsohuwa, kuma galibi olraunda ake miƙa wa ita in ta zama kamar dafaffen dankali.

Abu ɗaya da za ka sa a duba maka tun kana yaro: gwiwar hannu. Doka ba ta yarda ta miƙe fiye da digiri 15 lokacin sakin ƙwallo ba. Yaran da suka fara da jifan mangwaro sukan zo da wannan lahani. In ya bi jiki har ka kai 20, gyaransa sai an sha wuya.

Horon bugu

Wannan ba zan ja shi da yawa ba. Sa tsohuwar ƙwallo cikin safa, ɗaura da igiya a reshen bishiya, ka riƙa bugunta da bat a miƙe, sau 200 kullum. Don Bradman yana yaro da turke ɗaya da ƙwallon golf ya horar da idonsa a jikin ginin tankin ruwa, saboda haka rashin kaya ba hujja ba ce. Ka kuma koyi barin ƙwallo ta wuce. Mai bugu na shida ko na bakwai yakan shiga ne a ɗayan hali biyu: ko an zubar da mutum 5 da wuri ana neman wanda zai tsaya awa uku, ko maki sun taru ana son a ƙara wuta kafin kyaftin ya rufe bugunku. Dole ka iya rawar kiɗan biyu. Kuma ka iya zama da 'yan ƙarshen layi, kana karɓe musu jifa mai zafi kana neman maki ɗaya a ƙwallo ta biyar ko ta shida don ka ci gaba da fuskanta.

Tsaron fili kuma ba a lissafa shi cikin taurar, amma wanda ke zubar da ƙwallon da ta zo hannunsa ba ya daɗewa ko'ina.

Jiki

Bari in ba ka labarin ranar da na gane nauyin abin. Ina da shekara 19, wata Asabar cikin hunturu, ƙura ta rufe sama, leɓe duk ya tsage. Masu jifanmu biyu ba su zo ba. Kyaftin ya ce, "Ɗan Malam, yau kai ne." Na yi oba 14 a jere a kan siminti da aka shimfiɗa wa tabarmar wasa, na huta kaɗan, na dawo na ƙara 8. Na fitar da mutum 4, ana ta bubbuga mini kafaɗa. Da muka shiga bugu, cikin minti 40 an kwashe mana mutum 5. Ina ɗaura kariyar ƙauri yatsuna na rawa, igiyar ta ƙi shiga ƙarfe. Na isa fici, na sunkuya in tsaya, sai na ji kamar an soka mini allurar keke a ƙasan baya, gefen hagu. Ƙwallon farko na gan ta sarai, kaina ya ce matsa gaba, ƙafa ta ce ba da ni ba. Na ji ƙarar turke a bayana.

Wata 7 ban yi jifa ba. Ko ruku'u sai da dabara. Da na dawo, gudun jifana bai sake komawa yadda yake ba.

Wannan ciwo sananne ne a wajen masu jifan ƙarfi: tsagewar ƙashin baya ta ƙasa, wadda yawan jifa ke kawowa kafin ƙashi ya gama ƙwari, galibi a gefen da ba na hannun jifa ba. Shi ya sa hukumar kurket ta Ingila ta daɗe da kafa wa yara iyaka: a tsohuwar ƙa'idarta ɗan 13 zuwa ƙasa oba 5 a jere, 10 a wuni, ɗan 16 zuwa 19 oba 7 a jere, 18 a wuni. Ni na yi 22, a kan siminti. In babba ya ce ka ƙara, ka ce masa cikin ladabi, "Yallaɓai, na cika adadina." Zai ji haushi na kwana biyu. Ko manyan da likitoci ke kewaye da su ba su tsira ba: ciwon idon sawu da gwiwa ne ya sa Andrew Flintoff ya bar wasan Tes a 2009 yana da shekara 31.

Ka ƙarfafa ciki da ƙugu da cinya. Ka yi gudu a kan ciyawa ko yashin bakin teku, ba kwalta ba. Abincinmu ba shi da laifi, wache da ƙwai da kifi ya fi rabin abin da ake sayarwa a gwangwani. Barci kuma ka ba shi haƙƙinsa, zaman bes ana shan ataya har ƙarfe biyu na dare ba na mai jifa ba ne.

Takarda da hanya

Ba wanda zai ɗauke ka don Kawunka ya ce ka iya. Sayi littafi mai kauri, ka rubuta kowane wasa: rana, fili, abokan karawa, oba nawa, maki nawa, wiket nawa, yadda aka fitar da kai. Ka sa a ɗauke ka bidiyo da waya daga baya da kuma daga gefe, a wasa na gaske, ba a ragar atisaye ba. Minti 3 ya isa, kuma kada ka sa masa kiɗa.

Matakin farko a gida yake. Ka shiga ƙungiyar da ke buga gasar hukumar kurket ta Gana, ka nemi tawagar 'yan ƙasa da 19, sannan babbar tawaga. Tun 1 ga Janairun 2019 duk wasan T20 tsakanin ƙasashen ICC ana lissafa shi wasan ƙasa da ƙasa, yana shiga kundi, kowane koci a duniya zai iya buɗe intanet ya ga alƙalumanka. A zamanina babu wannan. Kuma maƙwabta sun nuna ana iyawa, yaran Najeriya sun je gasar duniya ta 'yan ƙasa da 19 a 2020.

Mataki na biyu shi ne kulob a ƙasar da ke da ajin farko. Mutumin da nake so kowane yaron zango ya san labarinsa shi ne Basil D'Oliveira. A Cape Town aka haife shi, launin fatarsa ya hana shi wasan ajin farko a ƙasarsa lokacin wariya, a kan tabarma ya girma yana wasa kamar mu. Ya yi ta rubuta wa mai sharhin rediyo John Arlott wasiƙa har aka samo masa gurbi a kulob ɗin Middleton a 1960. Mutanen unguwarsu ne suka yi karo-karo suka haɗa masa kuɗin tafiya. Makonnin farko jiƙaƙƙen ficin Ingila ya ruɗa shi, sai da ya sake koyon bugu. A 1964 ya shiga Worcestershire, a 1966 ya buga wa Ingila, ya yi Tes 44. Ya rage shekarunsa don a ɗauke shi, shi da kansa ya amsa daga baya. Wannan ɓangaren kada ka kwaikwaya, mun san abin da shekarun ƙwallo suka jawo wa yaranmu.

Ni dai da zan sake zama yaro, kudu zan fara kallo kafin Ingila. A unguwar Highfield ta Harare akwai kulob ɗin Takashinga, unguwar talakawa ce kamar tamu, daga nan Tatenda Taibu da Hamilton Masakadza suka fito har suka riƙe kyaftin ɗin ƙasa. Wanda ya yi kaka biyu a kulob irin wannan ya san matsayinsa na gaskiya. Ingila kuwa bizar ƙwararren ɗan wasa sai da sa hannun hukumar kurket ɗinsu, kuma suna duba matakin da ka riga ka buga. Ƙa'idojin suna canzawa, ka karanta su da idonka a shafinsu. Wata hanyar da ba a raina ta ita ce karatu: makaranta ko jami'a a can, kana wasa a kulob ƙarshen mako. Don haka kada ka yar da boko.

Ka yi hattara da dillalai. Wani mai kwat da jaka ya taɓa karɓar kuɗin keken ɗinkina na farko da sunan zai kai ni gwaji Ingila. Har yau jirgin bai tashi ba. Kulob na gaske ba ya neman ka biya shi kafin ya gan ka.

In Allah ya sa ka shiga

A Ingila ana farawa ƙarfe 11 na safe, hutun abinci minti 40, na shayi minti 20, oba 96 a wuni. Kai olraunda galibi kai ne mai jifa na huɗu. Ana kiran ka in manyan sun gaji, ko iska na busowa ta fuskarka, ko mutum biyu sun kafe sun ƙi fita. Ka yi oba 15 ko 18, washegari ka shiga bugu, rana ta uku ka sake jifa, ta huɗu ka tsaya ceton wasa. Sai mota, sai wani gari. Watan Afrilu sanyi yakan sa yatsa ya ƙi jin ƙwallo.

A da ana auna gwanin olraunda da maki 1,000 da wiket 100 a kaka ɗaya. Rhodes ya yi haka sau 16. George Hirst a 1906 ya ninka, maki 2,385 da wiket 208. Na ƙarshe da ya yi shi ne Franklyn Stephenson a Nottinghamshire a 1988. Ba lalacewa aka yi ba, wasannin ne aka rage, yanzu gunduma kan buga 14 a kaka, sauran kwanakin gajerun wasanni sun cinye. Kuma gaskiya kuɗin ya koma can. Jar ƙwallo ke koya maka sana'a, amma wanda bai iya farar ƙwallon gajerun wasanni ba aljihunsa zai yi sanyi.

Ka sani kuma baƙo biyu kawai gunduma ke iya sawa a wasa, kuma da 'yan Tes na Ostareliya da Pakistan kake takarar gurbin. Kwantiragi shekara ɗaya ne ko biyu. Abin da ke tsawaita zama shi ne hannun nan na biyu. Darren Stevens da bugu ya fara a Leicestershire, ya koma Kent a 2005, sai da ya haura 30 jifansa mai matsakaicin gudu ya zama makami. A 2019 Kent ta sanar za ta sallame shi. Ya je filin Headingley ya ci Yorkshire maki 237, ya fitar da mutum 5 a shigarsu ta biyu, yana da shekara 43. Aka janye sallama. Sai 2022 ya bar su, yana da 46.

Abu uku kuma da ba a faɗa wa yara. Na ɗaya, 'yan caca. Wani zai turo maka saƙo a WhatsApp, ya yabe ka, ya tambayi wa zai buɗe jifa gobe. Ko ba ka amsa ba, dole ka kai rahoto ga jami'in da aka naɗa. Shakib Al Hasan na Bangaladesh, olraunda na sahun gaba a duniya, an dakatar da shi a 2019 ba don ya sayar da wasa ba, don bai kai rahoto ba. Na biyu, magani. Tiramol ɗin da ya cinye mana samari yana cikin jerin abubuwan da aka haramta lokacin gasa tun Janairun 2024, haka duk wani haɗin ƙarfin jiki da ba ka san abin da ke ciki ba ka bar shi a kanti. Na uku, addini. Bayan wasa a Ingila mashaya ake taruwa. Ka zauna da su, ka sha lemonka, ba wanda zai tilasta ka in ka nuna matsayinka tun ranar farko. Hashim Amla ya yi shekaru yana buga wa Afirka ta Kudu ba tambarin giya a rigarsa. In azumi ya faɗo tsakiyar bazararsu yakan kai awa 18, wannan ka zauna da malaminka kafin tafiya, kada ka jira sai kana oba ta goma.

Sannan tun kana wasa ka yi kwas ɗin koci ko na alƙalanci, kuma ka riƙe sana'ar hannu. Ni keke ne ya ɗauke ni da bayana ya ƙi.

Ɗan ƙanwata dai mun zauna mun zaɓa: jifa. Yana zuwa shago bayan makaranta kwana uku a mako yana koyon yanka, wannan shi ne sharaɗin uwarsa. Asabar bayan sallar asuba muna shan koko mu kama torotoro, ledar piya wata a aljihuna, littafin a jakarsa. Makon jiya ya samu 11 cikin 24. Ya ce in bar shi ya ƙara oba biyu ya cike rabi, na karɓe ƙwallon na sa a aljihu.